Gida 16 ba ya ɗaukar kowane kiɗa

Jiya wani ƙanena ya turo mini kiɗan da ya haɗa a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, wai in saurara in faɗa masa gaskiya. Sauti ya kai 20 a ciki, amma ko kaina bai motsa ba.

Ga masu fara koyo, abin ba shi da wuyar da ake zuzuta shi. Manhajar tana ba ka layi mai gida 16, kamar ramukan dara, tsarin da injin kiɗa na Roland TR-808 ya yaɗa tun 1980. Sauti 3 sun ishe ka. Kik, mai dukan ƙirji, sa shi a gida na 1, 5, 9 da 13. Tafi ko sineya a na 5 da na 13. Hai-hat kuma, siririn sautin ƙarfen nan mai cik-cik, tsallake gida ɗaiɗai. Shi ke nan, ka samu ƙashin baya. In kana son ya ɗan yi rangaji, janye kik ɗin zuwa 1, 4 da 7, wato 3-3-2 da kunnenka ya saba da ita a Afrobeats.

Inda nake da ja da yaranmu shi ne nan: sun ɗauka gida 16 wahayi ne. Je ka gidan biki ka tsaya kusa da mai kalangu, ka ƙirga da ƙafarka. Sau da yawa uku-uku yake tafiya, ba huɗu-huɗu ba. Ka cusa wannan cikin 16, dole ya yi ɗingishi. Mayar da kowane taku gida 3 maimakon 4, layin ya koma 12, za ka ji ya zauna daram.

Sai ƙarfin bugu. Hannun makaɗi bai taɓa dukan fata sau biyu da ƙarfi ɗaya ba, amma kwamfuta in ka ƙyale ta haka za ta yi ta yi har gobe. A MIDI, tsarin da kwamfuta ke rubuta bugun kiɗa da shi, ƙarfin yana kaiwa 127. Kada ka bar hai-hat duka a tsayi guda. Ɗaga wannan, sassauta na bayansa. Kalangu ma har murya yake sauyawa idan aka matse shi a hammata, don haka in ka ɗauko sautinsa, taɓa masa murya, kada ya yi ta maimaita kalma ɗaya kamar aku.

Na ce wa ƙanen nawa ya goge 17, ya bar 3, ya sake turowa. Har yanzu fushi yake da ni.