PRP, sunan Malam kaɗai ba zai kawo ƙuri'a ba

Duk wanda ya san abin da jam'iyyar PRP (People's Redemption Party) ta kasance a Arewa, idan ya dubi sakamakon zaɓen 2023 dole ransa ya ɓaci. Kola Abiola da jam'iyyar ta tsayar takarar shugaban ƙasa ƙuri'u 72,000 da 'yan kai ya samu a duk faɗin Najeriya. Jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya kawo mata ƙuri'a sama da miliyan 1.7 a 1979, ta ci gwamna a Kano da Kaduna, ta samu sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49, wai yau ita ce ake neman sunanta a can ƙasan takardar sakamako.

Wasu suna cewa ai tun rikicin santsi da taɓo, wato ɓangarori biyu da jam'iyyar ta rabu, aka gama da ita, da tsige gwamnanta na Kaduna Balarabe Musa a 1981, da ficewar gwamnanta na Kano Abubakar Rimi zuwa jam'iyyar NPP, da rasuwar Malam a Afrilun 1983. Gaskiya ne waɗannan sun yi mata illa, amma ku tuna ko bayan Malam ya rasu Sabo Bakin Zuwo ya ci Kano da ita, saboda a lokacin jam'iyyar tana cikin unguwa, tana wurin teloli da mahauta da masu shayi da mata a cikin gidaje, mutum zai cire kuɗin aljihunsa ya yanki kati, ya tsaya a bakin akwati tun safe har a ƙirga ba tare da an ba shi ko sisi ba, don ya gani da idonsa an soke haraji da jangali, dagaci ya daina bin babansa da rasit.

Ni a ganina abin da ke cinye PRP yanzu shi ne ta zama masaukin baƙi. Wanda ya faɗi zaɓen fidda gwani a APC ko PDP sai ya rugo ya karɓi tikiti, in ya faɗi ya koma gida, in ya ci ma ya koma gida da kujerar. Kujeru 2 na majalisar wakilai da ta samu a Bauchi a 2019 ina suke yau? Mai zaɓe fa ba wawa ba ne, yana kallo, ya san makullin PRP da ya dangwala wa yau gobe tsintsiya ko lema zai koma.

Sannan akwai maganar manyan 'yan boko. Falalu Bello ya karɓi shugabanci daga Balarabe Musa a 2018, Farfesa Attahiru Jega ya shigo a 2019, mutane ne masu mutunci wallahi kuma ina girmama su, amma taron manema labarai a Abuja ba ya samar da ejan a rumfar zaɓe. Kuma kada wani ya ce mana talaka ya daina bin ƙaramar jam'iyya, NNPP ta karɓe Kano a 2023 domin Kwankwasiyya tana da mutane a kowace mazaɓa.

In da gaske ake, PRP ta ajiye mafarkin fadar shugaban ƙasa tukuna, ta zaɓi ƙananan hukumomi kaɗan a Kano da Kaduna da Bauchi ta zauna da manoma a kan tsadar taki da harajin kasuwa, ta kuma daina ba da tikiti ga wanda bai yi ko shekara biyu da katinta ba.