Jika uku da dala hamsin: ta inda waya za ta shiga ajin koyon sana'a a Damagaram

Ɗiyar yayata tana shekara ta biyu a wata cibiyar koyon ɗinki a nan Damagaram, kuma hannunta ya faɗa. A azumin da ya wuce, da ɗinkin salla ya yi wa teloli yawa, maƙwabta suka fara kawo mata atamfa har gida. Wata rana da la'asar ina zaune a tsakar gida ta gama ciniki da wata mata a kan jika uku da dala hamsin. Ta ɗauko wayarta don ta ajiye lissafin, ta danna 3050. Na ce ta sake dubawa. Ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ai ga uku, ga hamsin." Jika uku da dala hamsin kuwa a takarda 3250 ne. Dala arba'in ta zube tsakanin bakinta da yatsanta.

Yarinyar nan ta iya lissafi. Ka aike ta Kasuwar Dole da jika biyar, ba mai cin mata dala ɗaya a canji. Abin da ya same ta shi ne abin da ya samu yawancinmu: lissafi biyu muke ɗauke da shi. Na baki, wanda dala ke nufin sefa biyar, jika kuma dala ɗari biyu. Sai na takarda, wanda aka koya mana da Faransanci, wanda kuma shi kaɗai injin lissafin waya ya sani. Ba wanda ya taɓa zama da ita ya ƙulla mata biyun. Tun ranar nake tunanin wannan maganar da ta cika bakin masu tsara ilimi, wato shigar da kayan zamani a makarantun sana'a, ina tambayar kaina ta wace ƙofa suke son shigar da su.

Ra'ayina shi ne a fara da wayar da ke aljihun ɗalibi, a sa ta aikin karatu da rubutu da lissafi a cikin sana'ar da yake koyo, da Hausa, da kuɗin da yake ƙirgawa kullum. Ɗakin kwamfuta ya biyo baya.

Dubi waɗanda ke cika cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke garuruwanmu. Akwai wanda ya bar firamare a aji biyar, akwai wadda aka cire a aji huɗu, akwai wanda allo kawai ya yi, ajami na zuba a hannunsa amma boko bai zauna ba. A makarantun koyon fasaha na CET da CFPT ma, inda ake shiga da ɗan karatu, malamai sun san ɗalibai nawa ne ke iya karanta shafi guda su faɗi abin da ya ce. Yaro zai ƙware a walda ko haɗa wutar gida, ya fita da takardar shaida, amma ranar da mai gida ya ce ya rubuto masa lissafin kayan aiki da kuɗin hannu, sai ya nemi wani ya rubuta masa. Wanda ya rubuta ɗin kuma sau da yawa shi ke zama mai kwangila, gwanin ya koma yaronsa. Ko a matatar man fetur ta SORAZ, da ta fara aiki a 2011, mai walda da ke son ya wuce aikin lebura sai ya iya karanta awo da takardar ka'idar tsaro. A nan ne sana'a ke tsayawa ko ta yi gaba.

Ba sai mun je wata ƙasa neman hujja ba, don a jiharmu aka gwada. A 2009 da 2010, ƙungiyar agaji ta CRS ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Doso da Damagaram. A kusan rabinsu aka ƙara darasi ɗaya: yadda ake kunna ƙaramar waya mai maɓallai, a gane lambobi da haruffa a kanta, a rubuta saƙo a tura. Mutum biyar ke raba waya ɗaya. Shirin ana kiransa ABC. Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da ke Amurka, da abokan aikinta, sun bi sawun ɗaliban, suka fitar da sakamako a 2012: waɗanda aka haɗa musu da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma a lissafi bambancin ya ci gaba watanni bayan an rufe aji. Babu intanet a cikin wannan, babu manhaja ta musamman. Malaman ma ƴan gari ne da aka ba horo.

Me ya sa ya yi aiki? A wancan lokaci kira na da tsada, saƙon rubutu na da araha. Wanda ya koyi haruffa da safe yana da dalilin amfani da su da yamma: ya tambayi farashin gero, ya gaida ɗansa da ke ci-rani. Karatun bai kwana a cikin littafi ba.

Yau lamarin ya juya, kuma wannan ne abin da masu ɗokin zamani ba sa son dubawa. Da WhatsApp ya zo da saƙon murya, dalilin rubutu ya tafi. Matashi na iya wuni da waya a hannu, ya yi ciniki, ya yi zumunci, ya yi gardamar ƙwallo, bai rubuta harafi ko ɗaya ba. Ina da abokai masu shago da ba su san inda harafin wayarsu yake ba, sai maɓallin danna-ka-yi-magana. Ba na ganin laifinsu, sauƙi ne kowa ke so. Amma duk wanda ya ce a raba wa ɗalibai wayoyi karatunsu zai gyaru da kansa, bai zauna da matasanmu ba. Wayar yau ta fi taimaka wa mutum ya kauce wa rubutu, sai fa idan malami ya tsaya a kanta.

Na ga yadda tsayawar take. Da na ba malamar su ɗiyar tawa labarin dala arba'in ɗin, ba ta yi mamaki ba, ta ce kusan duk ajin haka suke. Bayan salla ta buɗe musu zaure a WhatsApp da doka ɗaya: ba saƙon murya. Duk yamma kowace ɗaliba za ta rubuto awon rigar da ta yanka a ranar, kafaɗa da ƙirji da tsawo da hannu, a santimita, sannan kuɗin zare da zif da shafi, sau biyu: yadda ake faɗa a kasuwa da yadda ake rubutawa a takarda. Dala sittin, 300. Jika biyu da rabi, 2500. Makon farko na ga saƙonnin, haruffa a hargitse, wata ta rubuta 60 a gurbin 300, wata ta ɗauki hoton takarda ta turo don gudun dannawa. Malama na bin su ɗaya bayan ɗaya bayan isha'i, tana gyarawa da lallashi. Kafin damina ta sauka, ɗiyar tawa ta buɗe littafin bashi na kanta, shafi ɗaya ga kowace mai ɗinki. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya; lissafin kasuwar da yaran suka zo da shi daga gida shi ne ruwan cikin, malamar ta gane haka ta ja da shi.

Sai dai da kuɗinta take sayen intanet ɗin, da kuma lokacin da ya kamata ta ba iyalinta. Wannan ke ci mini rai. Yawancin malaman cibiyoyin nan ƴan kwantaragi ne, kowa ya san abin da suke ɗauka. Idan hukuma da abokan hulɗarta suna da kuɗin zamanantar da koyarwa, nan ya kamata kaso mafi tsoka ya tafi: horar da malamin ɗinki da na kafinta da na kanikanci yadda zai saƙa rubutu da lissafi cikin darasinsa, a biya masa intanet, a ƙirga masa awannin gyaran aikin ɗalibai cikin aikinsa. Asusun FAFPA, da aka kafa don tallafa wa horon sana'a, na iya ɗaukar irin wannan.

Na san za a ce kwamfuta ita ce zamani, yaranmu kada a bar su baya. Gaskiya ne ga mai koyon aikin ofis ko ajiyar lissafin kamfani ko zanen gini, waɗannan dole su zauna gaban kwamfuta, a ba su. Amma ɗaki mai kwamfuta ashirin na son wuta da ba ta yankewa, da sanyi a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, da mai gyara idan ƙurar hunturu ta shige su. Mun ga abin da ya faru daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu har zuwa Maris na 2024. Waya kuwa ƙaramin faifan sola ya ishe ta. Kuma ɗalibin da bai iya karanta jimla ba, ko ka zaunar da shi gaban kwamfuta, hoto zai kalla.

Sai maganar harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a garin nan, kuma a Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To ina darussan? Ɗalibin da ya shiga YouTube neman yadda ake yanka riga ko gyaran babur da Hausa, galibi na Kano zai samu. Suna da amfani, Allah ya saka wa masu yin su. Amma tela a can da inci yake awo, da naira yake ciniki, bakanike na cewa fulogi inda namu ke cewa buji. Muna buƙatar namu: gajerun bidiyo na minti uku ko huɗu, gwanin sana'a na aiki yana bayani, kalmomin da lambobin na fitowa a rubuce a ƙasa, a ƙarshe a bar wa ɗalibi tambayar da sai ya rubuta amsarta. Ɗaliban Jami'ar André Salifou za su iya ɗaukar su tare da masu sana'a na unguwannin Zango da Birni. Rarraba su ma ba ya buƙatar intanet. Masu tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a katin memori suna nan a bakin kowace kasuwa, kuma daga waya zuwa waya abu ke zagaye gari cikin kwana biyu. Har ma da ɗan abin da ake rainawa: a nuna wa ɗalibi yadda zai sa allon rubutun Hausa a wayarsa, ya samu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, don ya bambanta ƙafa da kafa tun daga farko.

Abin da ya fi wuya shi ne ƴan mata. A ajin ɗiyar tawa akwai waɗanda ba su da waya, akwai waɗanda iyaye suka hana, kuma ban ga laifin uban da ke tsoron abin da ke yawo a TikTok ba. Malamar ta je gidaje uku da ƙafarta ta nuna wa iyaye saƙonnin zauren. Biyu suka yarda ƴaƴansu su riƙa amfani da wayar uwa bayan magariba, ɗaya ya ƙi. Ga irin wannan yarinya, dabarar shirin ABC na nan: cibiya ta mallaki ƴan wayoyi, biyar-biyar su raba ɗaya, a yi aikin a cikin aji gaban malama, a kulle su a akwati in an tashi. Aji mai ɗalibai talatin wayoyi shida yake buƙata, da faifan sola ɗaya, kuma ana iya tanadar su kafin a koma makaranta a watan Oktoba.