Ƙungiyar Shayin Da Ba Ta Da Littafin Bashi

(Teburin mai shayi, bayan isha'i. Ɗan Boko na latsa waya, Baƙauye na tsoma burodi, Alhaji Ɗan Siyasa ya kishingiɗe a benci.)

MAI SHAYI: Malam, wai da gaske masu shayi sun taɓa haɗa kai a Amurka har suka hana Obama barci?

ƊAN BOKO: Ba abokan sana'arka ba ne. Tea Party ake ce musu, masu ra'ayin mazan jiya da suka ɓullo a 2009 suna ƙin haraji da ɓarnar kuɗin gwamnati. Sunan aro ne daga 1773, lokacin da mutanen Boston suka tuttular da akwati 342 na ganyen shayi a teku don haushin harajin Ingila.

MAI SHAYI: Akwati 342! A ruwan sanyi?

BAƘAUYE: Ranar dai kifin Boston bai runtsa ba.

ALHAJI: Ku bar batun kifi. Wa ke ciyaman? Nawa ne fom?

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, ba ciyaman, ba fom, ba kati. Ƙungiyoyi ne barkatai, Tea Party Patriots daban, Tea Party Express daban. Duk wanda ya rubuta kwali ya fito gangami ya zama ɗan gida.

ALHAJI: To wa ke raba kuɗin mota?

ƊAN BOKO: Rashin ƙofar nan shi ya ja musu. Ranar 20 ga Maris 2010, ana tsaka da rigimar dokar inshorar lafiya, 'yan majalisa baƙaƙen fata, ciki har da John Lewis da ya yi gwagwarmaya tare da Martin Luther King, suka ratsa ta cikin masu zanga-zangar Tea Party. Aka ce an jefe su da zagin nan da ake wa baƙar fata. Andrew Breitbart, mai kafar labarai a intanet, ya sa dala 100,000 ga asusun karatun baƙaƙe in an kawo bidiyo. Ba a biya kuɗin ba, 'yan majalisa kuma ba su janye ba.

BAƘAUYE: Ikon Allah. Wato a can sai ka ce wa mai zaginka dakata in kunna waya.

ALHAJI: Yara ne. Wannan ai mataki uku ne, kowane sakataren mazaɓa ya haddace. Na ɗaya, ka musanta. Na biyu, ka ce 'yan adawa ne suka turo bara-gurbi. Na uku, ka nemi ƙaramin kwaro ka kora a gaban 'yan jarida.

ƊAN BOKO: Na ɗaya da na biyu sun tafi daidai. Har suka samu hujja, don a Afrilu wani malamin makaranta a jihar Oregon ya buɗe shafi yana kiran mutane su saje da 'yan Tea Party, su ɓata musu suna. A na uku aka yi ɓarin. Ranar 13 ga Yuli, ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙe ta zartar da ƙuduri a Kansas City: ku fitar da masu wariyar launin fata daga cikinku. Sai Mark Williams, kakakin Tea Party Express, ya tashi kare gida. Ya rubuta wasiƙar shaguɓe zuwa ga Abraham Lincoln, shugaban Amurkan da ya 'yantar da bayi, da bakin baƙaƙen fata, wai ba sa son 'yanci tunda 'yanci aiki ne.

MAI SHAYI: Tsaya. An ce shayinka da ƙuda, sai ka tsamo ƙudan ka ɗora wa mai ƙorafi a burodi?

ƊAN BOKO: Haka fa. Sai wata tarayya, National Tea Party Federation, ta ce wa Express ku kore shi. Suka ƙi. Ta kore su duka. Express ta ce wa ya naɗa ku masu tsaron ƙofa? Daga baya Williams da kansa ya ajiye muƙamin.

BAƘAUYE: An kori mutum daga garkar da ba danga.

ALHAJI: To su masu zargi sun ci riba ke nan.

ƊAN BOKO: Kwana shida kacal. Ranar 19 ga wata Breitbart ya saki guntun bidiyon Shirley Sherrod, baƙar fata, jami'ar ma'aikatar noma a jihar Jojiya, tana faɗa a taron NAACP cewa ta taɓa jan ƙafa wajen taimakon wani manomi farar fata. Kafin dare gwamnatin Obama ta sa ta ajiye aiki, NAACP ɗin ma ta yi tir da ita.

ALHAJI: Mataki na uku! Ka ga ƙwararru.

ƊAN BOKO: Sai ga cikakken jawabin, minti 43. Ashe labarin 1986 take bayarwa, yadda ta gane kuskurenta ta ceto gonar mutumin. Manomin da matarsa suka fito talabijin suna kare ta. Ministan noma ya ba ta haƙuri, NAACP ta ce an yi mata wayo.

MAI SHAYI: Sun sha kumfa, ba su jira ganye ya jiƙa ba. Zaɓe fa?

ƊAN BOKO: A Nuwamba 'yan Rifablikan, jam'iyyar adawa da Obama, suka ƙara kujera 63 a majalisar wakilai. Cikinsu har baƙaƙe biyu da 'yan shayin suka mara wa baya, Tim Scott da Allen West. Magoya baya suka ce ga shaida. Masu zargi suka ce mutum biyu ba sa wanke kwalayen gangami.

MAI SHAYI: Ni dai nawa teburin da rajista. (Ya jawo littafi daga ƙarƙashin gwangwanin madara.) Alhaji, kofi tara mai kauri, ƙwai sha huɗu, tun watan jiya.

ALHAJI: Ƙarya ce.

BAƘAUYE: Na ɗaya.

ALHAJI: 'Yan adawa ne suka rubuta.

BAƘAUYE: Na biyu.

ALHAJI: (Ya miƙe yana gyara babbar riga, ya nuna Baƙauye.) Malam, kori wannan.