Wai ba a yi wa tayar baya alaimen, inji ɗan yaron da motata ta girme shi

Wallahi har yanzu da nake rubutun nan raina bai huce ba. Jiya na kai Marsandi 190E ɗina, ƙirar 1991, irin Sportline ɗin nan mai ƙasa-ƙasa, wani wajen alaimen, wato saita tayoyin mota su tsaya daidai, a nan Kano da suka cika bango da rubutun wai na kwamfuta ne, saboda tayoyin baya sun cinye ta ciki har waya ta fara leƙowa alhali wajensu sabo fil, in ka tsaya a bayanta ka ga ta yi gwame, saman tayoyin ya kwanta ciki.

Yaron da ke kan injin ko ɗago kai bai yi ba, yana danna waya. Na yi sallama, na ce ɗana don Allah baya nake so a duba min, kamba ɗin, wato tsayuwar taya daga sama zuwa ƙasa, ta kwanta. Ya kalli motar tun daga fitila har but, ya yi wani murmushi, ya ce "Baba ai ba a yi wa baya alaimen, gaba ake yi, baya bin gaba take." Na ce ikon Allah. Na ce ɗana wannan motar kowace tayar baya hannuwan ƙarfe biyar ke riƙe da ita, tun 1982 Jamusawa suka fito da tsarin nan a kan 190, kuma akwai noti mai kaikaitaccen kai a jikin ɗaya daga hannuwan, aikinsa ke nan, a juya shi gaban tayar ya shigo ciki ko ya fita waje. Na durƙusa da farar shaddata na nuna masa notin da yatsa. Ka san me ya ce? "To Baba tunda ka iya ga sifana can." Yaran garejin suka kwashe da dariya, har da wani mai faci da ba ruwansa.

Na haɗiye. Na ce a dai maƙala na'urar a tayoyi huɗun a ba ni lissafi. Ya ja ƙafa ya je ya danna-danna ya ce kwamfuta ba ta san wannan motar ba, sai dai ya sa mata lambar Corolla. Corolla! Mota mai ja da gaba za a auna wa mai ja da baya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, sai da na ƙara kuɗin man janareta a kan 15,000 da aka riga aka karɓa tun a ƙofa. Ya taɓa tarod ɗin gaba, ƙarafan da ke haɗa sitiyari da tayoyi, da lafiyarsu lau, sitiyarin da ya zo a miƙe ya koma karkace, ya ce an gama.

Na ce kamba ɗin fa? Sai ga shawarar babban injiniya: ko a juya tayar a kan rim cikinta ya koma waje, ko a kira mai walda ya gasa hannun da gas a lanƙwasa shi. A gasa ƙarfen da ke riƙe da taya, a motar da nake ɗaukar iyalina zuwa Zariya! Alhali duk wanda ya san motar nan ya san kamba ɗin baya ba ta da notin gyara daga kamfani, in ta kwanta to sifirin ne ya gaji ya zauna ko bushin, robobin da ke gaɓoɓin hannuwan, sun mutu, akwai ma robar da ake ɗorawa a kan sifirin kauri daban-daban don a ɗaga ta daidai, kuma in an canza bushin ba a ɗaure noti sai motar ta sauka a kan nauyinta, in ba haka ba robar murɗewa za ta yi ta yage. Na gaya masa haka, ya ce "Baba gaskiya ka sayar wa 'yan gwangwan ka huta, ai ta ci kuɗinta." Ogansa yana zaune yana cin gyaɗa, bai ce uffan ba.

Kuma laifinsa kaɗan ne in za a faɗi gaskiya, wa ya koya masa? Makarantun koyon sana'a na gwamnati an bar su sun zama kango, tsofaffin bakanikan da suka san 504 da Marsandi ciki da bai sun mutu ko sun koma gida, an bar mu da masu danna allo. Wane ne ma ya kashe min sifirin in ba hanyoyin ƙasar nan ba? Hanyar Abuja zuwa Kano tun 2017 aka ba da kwangilarta, ku tambayi masu bin Kaduna zuwa Abuja shekara nawa suka yi suna faɗawa rami, balle titunan unguwa da damina. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yin taya a Legas, yanzu kowace taya sai da dala, 2023 aka cire tallafin mai aka saki naira, fetur daga ƙasa da 200 har ya haura 1,000 a 2024, ka je Ƙofar Ruwa neman bushin a miƙo maka na jabu da ƙyar zai kai wata uku. Ka lallaɓa ka sayi tayar Beljiyam, masu kaki su tare ka a hanya su durƙusa suna karanta shekarar taya wai ta ƙare aiki, ramin da ke gabansu kuwa ba su gan shi ba, su da manyansu masu jiniya da ake canza wa motoci duk bayan zaɓe da kuɗinmu.