Kunnuwan Jirgin Kawu

Shekara 17 ke nan ina sana'ar walda a Gombe. Ƙofa, taga, tankin ruwa, bodin a-kori-kura, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Shi ya sa ranar da Kawu ya aiko in zo in duba masa jirginsa, ko ɗar ban ji ba. Ƙarfe ai ƙarfe ne.

Jirgin nan duk dangi sun san shi. Kawu ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, da ya yi ritaya ya ɗoro shi a tirela ya kawo gida, ya jingine shi bayan ɗakin awaki. Na faiba ne, tsawonsa mita 5, faɗinsa bai cika mita 2 ba, kuma ba shi da inji, iska ce ke tura shi. A tsakiyarsa ake kafa jigo, wato doguwar sandar alminiyam da ake ɗaura wa ƙyalle. Wayoyi uku ke riƙe da jigon: ɗaya ta tafi goshin jirgi, biyu suka sauka dama da hagu. Kowace wayar gefe tana ƙarewa ne a jikin wani falalen ƙarfe da ya huda saman jirgin ya shige ciki, aka ɗaure shi da noti a jikin wani allon filawud. Ni kunnuwa nake ce musu. Duk ƙarfin da iska ta zuba wa ƙyalle, ta kunnuwan nan yake bi ya isa gangar jirgin.

Daga sama sai ƙyalli suke yi kamar sabon cokali. Da na kwance na dama na ɗan lanƙwasa shi, sai ya rabu biyu a hannuna, daidai inda ya ratsa saman jirgin. Haka sitenles yake: iska ce ke kare shi daga tsatsa, inda kuwa aka toshe shi da gam, ruwan gishirin Legas ya kwanta shekara da shekaru, a nan yake cinyewa a ɓoye. Ruwan da ya riƙa bin ramin kuma ya gama da filawud ɗin ciki. Na danna da sukurdireba ta nutse kamar burodin da aka tsoma a shayi.

Tunda wurin ya ruɓe, dole a sauya wa kunnuwan mazauni. Nan Kawu ya ce, “Ɗan nan, tunda za ka taɓa su, matsar min da su ciki. Kullum wayar nan sai ta kama min babbar riga.” Na ce an gama, Kawu. Tsoffin suna santimita 90 daga tsakiyar jirgi, na mayar da sababbin santimita 45. Na huda saman jirgin, inda babu komai a ƙarƙashinsa sai iska, na ɗaura kowanne da noti biyu 'yan milimita 6 da ƙananan wasa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa a ƙarƙashin noti. Na rage tsawon wayoyin, na goge, na ja da baya ina kallon aikina. Wallahi ya yi kyau. Har hoto na ɗauka.

Wata Asabar cikin hunturu muka ɗora jirgin a mota muka kama hanyar Biu zuwa Dadin Kowa, inda aka datse kogin Gongola. Kafin mu gama kafa jigo masunta sun kewaye mu, yara na tambaya ko tuta za mu ɗaga. Kawu ya ɗora rigar ceto a kan babbar riga, ya gyara zaman hularsa zanna, ya ba ni tawa rigar ya ce doka ce tun Apapa. Ni da ko a randa ban iya iyo ba, ban yi musu ba.

Minti goma na farko daɗi kamar me. Jirgi na tafiya shiru, ba hayaƙi ba kuɗin mai, Kawu na ba ni labarin tekun Legas. Da muka fita daga inuwar tudu, iskar gabas ta same mu daga hagu, ƙyalle ya cika tam, jirgi ya karkata. Sai na ji wani ƙas-ƙas kusa da gwiwata. Na duba, saman jirgin ya kumbura a gindin kunnen hagu kamar fanke a cikin mai. Na ce, “Kawu, da ma haka yake yi?” Kafin ya juyo, kunnen ya tumɓuke da notinsa da wasansa da guntun faiba kamar tafin hannu, ya wuce ta gefen kunnena na gaske. Jigo ya yi ɗan tsai kamar mai shawara, sannan ya kwanta dama a ruwa da ƙyallensa duka. Ƙarshen waya ya ɗebi hular Kawu.

Muna nan muna lilo sai wani abu baƙi ya ɓullo can nesa. Kowa ya san akwai dorina a Dadin Kowa. Duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo sai da na karanto ta, har da ta shiga kasuwa. Ashe kututture ne.

Wani dattijon masunci ne ya jawo mu bakin gaɓa da kwalekwalensa. Ya karɓi kunnen ya jujjuya, ya dubi ramin, ya ce, “Samari, kai ka yi aikin nan?” Na ce ni ne, Baba. Ya ce, “Ni ban san jirgin iska ba. Amma ka taɓa ganin an kafa turken wayar da ke riƙe falwaya a gindin falwayar?”

A daren na zauna da biro. Wayar tana kama jigo ne a tsayin mita 4 da rabi. Idan gindinta na santimita 90 daga tsakiya, duk kilo ɗaya da iska ta tura jigo gefe, kusan kilo 5 waya ke ja. Da na mayar da shi santimita 45, sai ya koma kilo 10. Na ninka wa kunne kaya, sannan na ɗaure shi a wurin da aka yi don a taka da ƙafa kawai. Saboda babbar riga.

Gyaran gaskiya mako biyu ya ci. Na fitar da kunnuwan waje ɗungurungum, suka kwanta a jikin gangar jirgin, inda faiba ta fi kauri kuma ido ke ganinsu kullum. Falalen sitenles na sa aka aiko min daga Kano, kauri milimita 4, faɗi santimita 3, na yanka santimita 30 sau biyu. Masu teku sitenles mai lamba 316 suke nema saboda gishiri, ruwan Dadin Kowa kuwa 304 ta ishe shi. Wajen hudawa na ƙona bakin dirila uku, don na saba da baƙin ƙarfe ina sakar wa inji gudu. Sitenles in ya ji zafi taurara yake yi. A hankali ake binsa, a danna sosai, ana ɗiga mai. Kowane kunne noti huɗu 'yan milimita 8, a jere daga sama zuwa ƙasa, su huda gangar su fito ta jikin wani faranti da na shimfiɗa a ciki, wanda ya fi kunnen faɗi, don nauyi ya bazu. Kan kunnen na lanƙwasa shi ya miƙe daidai da layin waya, domin in ya kauce, duk jan da waya ta yi tanƙwara shi take yi har ya gaji ya tsage. Walda kuwa ko ɗigo ban sa ba, abin da ya fi min ciwo ke nan.

Tsoffin kunnuwan suna santimita 30 bayan jigo, kuma da dalili: jirgin ba shi da wayar baya, su ne ke hana jigo kifawa gaba in iska ta biyo ta baya. A nan na kafa sababbin ma. Na auna daga goshin jirgi zuwa kowanne da tef har suka zo ɗaya, na cike tsoffin ramuka da gam ɗin ifoksi da zaren faiba, na shafe ramukan noti da gam mai hana ruwa. Wayoyin da na guntule ba su kai ba, sai da na sayi sababbi da kuɗina. Da muka kafa jigo na ja igiyar ɗaga ƙyalle zuwa dama, na kai ta hagu, ina murɗa maɗauran waya har tsawon ya yi daidai, alamar jigo ya tsaya a tsakiya.

Ranar gwaji na biyu Kawu ya ce shi daga bakin gaɓa zai fi ganin yadda jigon ke tsayawa. Dattijon nan ne ya yarda ya shiga da ni, muka kai tsakiya muka dawo lafiya, duk da rabin dawowar da filafilinsa muka yi ta, don ni da shi babu wanda ya iya juya ƙyalle. Muna isowa na tarar Kawu ya tsare wani yaro mai wankin koma, suna ta ciniki. Hular zanna ce a kan yaron, ta ɗan koɗe. Ya ce a komarsa ta fito, kuma shi ba zai saki ba sai an ba shi ladan kamu.

Kawu ya juyo ya ce, “Ɗan nan, sallame shi.”