Wanda ya ɗaura aure a gaban shaidu, kada ya warware shi a ɓoye

Assalamu alaikum, ƴan'uwana matasan Damagaram, maza da mata. Dukanmu mun san yadda ake ɗaura aure a garin nan. Ana raba goron gayyata tun kwanaki kafin ranar, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida da sassafe, waliyyai su zauna, a ambaci sadaki a bainar jama'a, shaidu su ji, a shafa fatiha, sannan maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da na kusa da na nesa. Amma idan auren ya zo mutuwa, sai ka ga mutumin da ya tara jama'ar Birni da Zango da Sabon Gari ya shige ɗaki shi kaɗai ya aika saƙon murya ta WhatsApp, ko ya furta kalmar cikin fushi da tsakar dare babu wanda ya ji, gari na wayewa kuma ya ce bai tuna ko ɗaya ya ce ko biyu ba. A kan wannan ɗabi'a nake son in ja hankalinmu, domin ɓarnarta ta shiga gidaje da yawa, har da namu.

Akwai wata ƴar'uwata da mijinta ya tafi neman kuɗi Libiya. Bayan ya daɗe a can, ya kira ta a waya ya ce ya sake ta, ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta, ta yi idda, ta zauna zawarci. Da Allah ya kawo mai sonta aka fara maganar aure, sai dangin tsohon mijin suka zo suka ce ɗansu bai shaida musu ya saki kowa ba, shi kuma lambar wayarsa ta daina shiga. Babu shaida ko ɗaya, babu takarda, sai maganarta kaɗai. Mai neman ya janye domin babu mutumin kirki da zai yarda ya yi aure kan aure, ita kuma ta ci gaba da zama tsakanin aure da zawarci, babu mai ciyar da ita da sunan miji kuma babu halin ta auri wani. Wannan shi ne halin da Alƙur'ani ya hana a jefa mace ciki a aya ta 129 ta Suratun Nisa'i, wato a bar ta kamar abin da aka rataye.

Wasu daga cikinmu suna cewa takarda al'adar Nasara ce, saki kuwa a Musulunci furuci ne. Gaskiya ne cewa saki yana aukuwa da furuci, kuma saboda haka ne ya zama abin tsoro, tun da magana zarar bunu ce. Sai dai addinin da ya ba miji wannan dama shi ne ya kewaye ta da dokoki. A farkon Suratuɗ Ɗalaƙ an umarci maza su ƙididdige idda, kada su fitar da matan daga gidajensu a cikinta, kuma a aya ta biyu an ce a kafa shaidu biyu adalai. Sa'ad da Abdullahi ɗan Umar ya saki matarsa tana cikin haila, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya mayar da ita. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, tana umarni ne da rubuta bashi. Idan har an ce a rubuta bashin buhun gero domin kada a yi musu daga baya, yaya za a bar igiyar aure, wadda nasaba da gado da halaccin kwanciya suka rataya a kanta, a hannun mantuwar ɗan Adam?

Ku dubi abubuwan da suka dogara ga sanin ranar saki da adadinsa. Daga ranar ake lissafin idda, tsarki uku ga mai haila kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka karantar, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. A cikin iddar saki ɗaya ko biyu miji yana da damar kome, ciyarwa da masauki suna wuyansa, kuma idan ɗayansu ya rasu ɗayan zai gaje shi. Da zarar idda ta cika, duk wannan ya wuce, sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Idan saki ya kai uku, ba ta halatta gare shi sai ta auri wani aure na gaskiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hukuncin mazhabarmu a kan wanda ya auri mace tana cikin idda har ya tare da ita: ana raba auren, kuma ta haramta gare shi har abada. Saboda haka kuskuren mako biyu a lissafi yana iya rusa gidan da ba shi da laifin komai. Haka kuma rigimar gado da muke gani bayan rasuwa, inda ƴan'uwan mamaci ke rantsuwa cewa ya sake ta tun bara, ita kuma tana rantsuwa cewa da aurensa ya mutu ya bar ta, takarda ɗaya mai kwanan wata za ta kashe ta tun kafin ta tashi.

Ba ina kiran kowa ya garzaya jastis da zarar an yi saɓani ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara a fara da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Bayan iyaye akwai liman, akwai mai unguwa, akwai fadar Mai Martaba Sultan a Birni, inda aka daɗe ana sasanta ma'aurata. Dokar ƙasa ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a irin waɗannan al'amura, tare da rubuta takardar da ke nuna an sasanta ko an kasa. Ku nemi wannan takarda, kada ku tashi da alkawarin baki kawai. Amma idan sulhu ya gagara, ko kuma saki ya riga ya auku, to mataki na gaba shi ne gaban alƙali.

Ya kamata mu san cewa Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya, domin daftarin da aka shirya a 2011 an jingine shi. Abin da dokar tsarin kotuna ta tanada, tun ta 2004 har zuwa wadda ta maye gurbinta a 2018, shi ne a yi wa mutane shari'ar aure da saki da riƙon ƴaƴa da gado bisa al'adarsu, muddin ba ta saɓa wa dokokin ƙasa ba. Shi ya sa alƙali ba ya zama shi kaɗai a irin wannan shari'a, yana tare da mataimaka masana al'ada waɗanda yake neman shawararsu. Wanda yake tsoron cewa za a yi masa hukunci da abin da bai san shi ba, ya kwantar da hankalinsa, domin idda da sadaki da ciyarwa su ne dai abubuwan da za a tattauna. Idan kuwa al'adun ma'auratan sun bambanta, abin da yake faruwa kullum a gari irin namu mai Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa, al'adar matar ake bi.

Ɗan'uwa, idan kai ne ka yi sakin, nauyin tabbatar da shi yana kanka. Ka rubuta shi a sarari, da sunanka da nata, da ranar, da adadin, shaidu biyu su sa hannu, sannan ka je kotu domin alƙali ya tabbatar da aukuwarsa a rubuce, a kuma yanke inda yara za su zauna da abin da za ka riƙa bayarwa na abincinsu da karatunsu da maganinsu. Na san wasu suna guje wa kotu ne saboda wannan magana ta ciyarwa, alhali ƴaƴan nasu ne ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Akwai kuma masu riƙe takarda da gangan domin su wahalar da mace, suna cewa sai ta gane kurenta. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma aya ta 231 ta Suratul Baƙara ta ce wanda ya riƙe mace domin cutarwa ya zalunci kansa. Abokan da ke zuga ka a fada ana zagaya shayi ba za su tsaya tare da kai ba ranar da za a tambaye ka.

Ke kuma ƴar'uwa, ki sani cewa kai ƙara ba rashin tarbiyya ba ne. Wadda mijinta ya daina ciyar da ita, ko yake dukanta, ko ya tafi Aljeriya ko haƙar zinariya a Jado ya yi shiru, tana da haƙƙin ta nemi alƙali ya raba auren. Wadda kuma ba ta da laifin da za ta ɗora masa sai dai zaman ya gagare ta, akwai hul'i, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su. Idan za ki tafi, ki riƙe katin ɗan ƙasa, da takardar aure idan kuna da ita, da takardun haihuwar yara, da shaidun da suka gani da idonsu, kuma ya fi kyau waliyyinki ya raka ki. Za a aika wa mijin sammaci, alƙali zai fara gwada sulhu kafin ya yanke hukunci, kuma ana iya ɗaga zama fiye da sau ɗaya, saboda haka ki yi haƙuri kada ki daina zuwa a tsakiyar hanya. Idan babu hali, ki tambayi ofishin hukumar ANAJJ, wadda wata doka ta 2011 ta kafa domin taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a. Wanda hukuncin bai gamsar da shi ba yana iya ɗaukaka ƙara, amma akwai wa'adi, don haka a tambayi ranar cikarsa tun kafin a bar harabar kotun.

Inda mutane da yawa suke sakaci shi ne bayan an yanke hukunci. Sai kowa ya kama gabansa da murnar an gama, a bar takardar a cikin kundin kotu. Ku koma wurin magatakardan kotu ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi da sa hannu, kowannenku da nasa. Abin da aka ce ku biya ku biya shi a ofis ku karɓi rasit, kada ku miƙa kuɗinku ga masu tsayawa a bakin ƙofa suna cewa sun san hanya. Kafin ku fita, ku sa wanda ya iya Faransanci ya karanta muku ita tun daga sama har ƙasa, a duba ko rubutun suna ya dace da na katin ɗan ƙasa, domin Hadiza da Hadijatu mutum ɗaya ce a gida amma mutum biyu ce a ofis, a kuma duba ranar sakin da abin da aka yanke game da yara. Daga nan sai ofishin rajistar haihuwa da aure da rasuwa na gundumarku, a cikin gundumomi biyar na birnin Zinder, domin dokar rajista ta 2019 ta sa saki a cikin abubuwan da ake rajistarsu. Waɗanda ba su yi rajistar aurensu ba a cikin kwana 60 da dokar ta ba da, su ma ƙofa ba ta rufe ba, sai dai su nemi hukuncin kotu da ke tabbatar da auren, abin da ke ƙara musu zirga-zirga.

Idan takardar ta shiga hannu, a yi mata kwafi a ajiye ɗaya a wurin waliyyi, a ɗauki hotonta a waya, asalin kuma a sa shi a leda a adana inda damina da gara ba za su kai ba. Wanda ya yi sakin yana ƙasar waje, ya rubuta shi a gaban shaidu biyu daga cikin ƴan garinmu da ke can, ya aiko wa mahaifinsa ko wansa, ya kuma kira waliyyin matar da bakinsa ya shaida masa ranar da adadin, domin ta samu abin da za ta gabatar wa alƙali.