Furen Ista da kabarin da aka tarar babu gawa

Zaman da na yi a Turai ya nuna mini cewa mutum zai iya jin magana ɗaya a majami'u biyu, ya fito da ma'anoni biyu waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Maganar da nake nufi ita ce tashin Almasihu daga matattu. Ista, bikin tunawa da wannan tashin, tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kuma a nan lokacin ne sanyi ke janye jiki, itatuwa su yi toho, furanni su buɗe, shi ya sa masu wa'azi da yawa sukan ce tashin Yesu hoto ne na sabuwar rayuwa, kamar yadda ƙasa ke farfaɗowa bayan hunturu. Inda na girma kuwa, waɗannan ranaku tsakiyar bazara ce, ƙasa ta bushe ƙayau, babu furen da mai wa'azi zai nuna wa jama'a, tilas ya yi maganar kabari da gawar da aka nema aka rasa.

Ina ganin mai wa'azin bazara ya fi kusa da gaskiyar lamarin, domin itacen da ya yi toho tun farko bai mutu ba, hutawa kawai ya yi, alhali Yesu ya mutu a kan gicciye, an sa shi a kabari, an gangara dutse an rufe.

Na gane nauyin wannan bambanci a jana'izar wani abokin aikina. Limamin cocin ya yi magana mai taushi, ya ce marigayin zai ci gaba da rayuwa a zukatanmu. Matar mamacin tana zaune a gaba, ta riƙe tabaransa a hannu tana jujjuya shi, ni kuwa abin da ke yi mini yawo a rai shi ne, mu da aka danƙa wa ajiyarsa mu ma matattun gobe ne, to, ina zai zauna idan zukatan sun tsaya? Sai na tuna wata tsohuwa da na gani tun ina yaro a bakin kabarin ɗanta, tana kuka sosai, amma da aka fara zuba ƙasa sai ta ce masa, "Sai da safe, ɗana." A wurinta rabuwar ta dare ɗaya ce.

Manzo Bulus bai bar wata kafa ta ɗaukar zancen a matsayin misali ba. A sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, wadda ya rubuta daga Afisa shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciyewar, ya jera waɗanda suka ga Almasihu a raye: Kefas, wato Bitrus, da manzanni sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, ya ƙara da cewa yawancinsu suna nan da rai, wato mai shakka ya je ya tambaye su. Daga nan ya ce idan ba a ta da Almasihu ba, wa'azin banza ne, bangaskiyar ma banza ce, masu bi suna nan cikin zunubansu, kuma sun fi kowa zama abin tausayi. Bisharar Luka ta nuna shi yana cin gasasshen kifi a gaban almajiransa, ta Yahaya kuma ta nuna shi yana kiran Toma ya sa yatsa a gurbin ƙusoshin. Ƙa'idar bangaskiya ta Nikiya, wadda majami'u da yawa ke furtawa, da aka kammala a shekara ta 381, ta rufe da cewa ikkilisiya tana sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa.

Shakkar ba sabuwa ba ce. Mutanen Atina sun saurari Bulus har ya ambaci tashin matattu, a nan wasunsu suka yi masa ba'a. A 1941 kuma masanin tauhidin nan na Jamus, Rudolf Bultmann, ya nemi a tsame saƙon Sabon Alkawari daga abin da ya ɗauka tatsuniya ce, kuma har yau ina jin amon tunaninsa a kan mumbarori da dama a nan.

Sai dai kada a ce na wanke namu tas. A can ma na sha jin ana kiran "ikon tashin matattu" a kan kasuwar da ta durƙushe ko neman ƙarin girma a wurin aiki, wanda shi ma wata hanya ce ta mayar da zancen misali, sai dai da ƙarar murya. Bulus ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci, kuma duk manomi ya san nunan fari alkawarin girbi ne mai zuwa daga gonar nan ɗaya. Ma'anarsa ita ce jikin da aka binne, da wanda cuta ta cinye, da wanda aka kashe bisa zalunci ba a hukunta kowa ba, duk Allah bai gama da su ba. Wannan ne abin da na so a faɗa wa matar abokina a ranar, tana riƙe da tabaran mijinta.